Batir Biyu da Ƙwan Fararen Zabi

Akwai wani mutum a wani ƙauye, mai aikin lantarki. Ya yi makarantar koyon sana'a a birni, ya dawo gida da takardarsa. Duk wanda rediyonsa ya yi shiru, ko farantin solarsa ya ƙi caji, wurinsa ake zuwa. Mutane suka laƙaba masa Injiniya, har sunansa na baftisma ya ɓace. Shi kuwa sunan ya yi masa daɗi ƙwarai, idan aka kira shi da shi har wani gyara tafiya yake yi.

Mutumin ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Abin da ya fi taƙama da shi kuwa shi ne sauƙaƙa zane. Ku da ba ku yi wannan karatu ba, bari in gutsura muku kaɗan. Kafin mai lantarki ya haɗa wayoyi yakan zana su a takarda: ga batir, ga waya, ga waɗansu 'yan abubuwa da ake kira rizista, masu rage wa wuta gudu kamar yadda siririn bututu yake rage wa ruwa. Idan kayan suka yi yawa, zane ya cakuɗe, lissafi ya gagara, sai a ɗauko wata dabara da ake kira juya tushe. Batir da rizista a gabansa kamar tanki ne a bisa da siririn bututunsa. Kana iya share shi a takarda ka zana wani abu a madadinsa, wato injin ban-ruwa mai turo awo ɗaya kullum, da 'yar magudana a gefensa mai kwashe abin da ba a ɗiba ba. Wanda yake tsaye da bokitinsa a bakin famfo ba zai taɓa gane bambanci ba, ruwan da zai samu ɗaya ne. Idan kuwa tanki biyu gare ka, sai ka juya su duka, ka tara ruwansu, ka haɗa magudanansu, ka sāke juyawa. Sai ga tanki ɗaya da bututu ɗaya. Abin da ya cika takarda ya koma ɗan zane wanda tafin hannu zai rufe.

Tsohon malamin da ya koya musu wannan dabara yakan buga tebur ya ce, "Ku ji da kyau. Gajeren zane na mai tsaye a ƙofa ne. Yana faɗa maka abin da yake fitowa, ba ya faɗa maka abin da ake ciki. In kun gama, ku koma kan zanen farko, ku bi kowane rizista ku ga nauyin da yake ɗauka." Injiniya ya riƙe rabin farko na maganar, gama shi ne mai kawo maki a jarrabawa. Rabi na biyun kuwa ya bar shi a aji tare da ƙurar alli.

Mutumin nan yana da mata, sunanta Keziya. Kaji take kiwo, ba ta da yawan magana. Amma idan zumuntar matan majami'a tana da saƙon da ba a so ya lalace, ita ake aika, domin in Keziya ta ce i, to i ɗin ce.

A ƙauyen nan, kamar ko'ina, damina ce lokacin ƙwan zabi. Kun dai san halin zabuwa, uwa ce marar kirki. Ta tafi daji ta zuba ƙwanta a cikin ciyawa, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Saboda haka mata sukan bi sawunta, su kwashe ƙwan da ludayi don kada ta ji warin hannu ta sauya wuri, su kawo gida su sa wa kaza mai kwanci. Kaza kuwa abin da fikafikanta suka rufe shi ke nan, ga muzuru, ga maciji, ga ruwa mai shiga akurki. Kowace shekara rabi yakan tafi a banza.

Wata rana Injiniya yana kallon matarsa tana jera ƙwai a ƙarƙashin kaza, sai ya ce, "Keziya, wannan wahala ta ishe ku. Zan yi muku akwatin da zai yi kwancin kaza goma a zama ɗaya, ba muzuru, ba maciji."

Ta ce, "Allah ya taimaka, Maigida."

Ya sami katako, ya haɗa akwati, ya lulluɓe cikinsa da soson tsohuwar katifa don ya riƙe ɗumi. Ya sa waya mai ba da zafi, ya ɗora farantin sola a bisa rufi, ya sayo sabon batir dal. Sai ya tuna da kwanakin marka, lokacin da rana takan ɓuya ta ƙi fitowa, ya ga batir ɗaya ba zai kai ba. Ya je wurin wani makaniki ya karɓo tsohon batirin mota, wanda ya riga ya ci duniya, ƙarfinsa bai kai na sabon ba. Ya san ba a ɗaura ƙaƙƙarfa da rarrauna kai tsaye, don haka ya ce zai sa wa kowanne rizista a gabansa. Har ya yaba wa kansa a kan wannan hikima.

Ya zauna a inuwa ya zana: batir biyu, rizista biyu, wayar zafi. Ya juya na farko, ya juya na biyu, ya tara, ya haɗa, ya sāke juyawa. Sai ga batir ɗaya da rizista ɗaya, tsaf, abin sha'awa. Daga wannan gajeren zane ya ga wutar da wayar zafi za ta ja, ya raba ta biyu, ya ce ai kowane rizista rabi zai ɗauka. Ya zaɓo 'yan ƙanana guda biyu, ya ɗaure su a bayan akwatin daga ciki, jikin soso, ya rufe da katako, don kada mai kallo ya ga tarkacen waya.

To, ga abin da takardar ba ta nuna masa ba. Idan ka haɗa cikakken tanki da tanki mai huji, ruwa zai yi ta gudu daga cikakken zuwa mai hujin, ko an buɗe famfo ko an rufe. Haka sabon batir ya shiga zuba wa tsohon wuta, dare da rana, ta cikin 'yan rizistan nan biyu. Rana ta cika sabon, sabon ya juye wa tsohon, tsohon kuwa rariya ne, ba ya riƙewa. Wannan wuta ba ta zuwa bakin ƙofa, tsakaninsu take yawo. Gajeren zane kuwa ya riga ya mai da su ɗaya, ina zai sami wurin da zai rubuta abin da ɗaya yake yi wa ɗaya?

Da akwati ya yi ɗumi, Injiniya ya ce wa matarsa ta zaga gidaje ta tattaro ƙwai. Ya san in shi ya je, matan za su yi masa dariya su ce sai sun yi shawara. Keziya ta ɗauki kwando ta fita. Mata suka yi ta jan ƙafa, wannan ta ba da kaɗan, waccan ta ce bari a ga na wasu. Amma da yake Keziya ce, kwando ya cika.

Gida na ƙarshe shi ne na Gwaggo Rahila, wata tsohuwar gwauruwa. Mijinta ya mutu ya bar mata fararen zabi, irin da ba a samu a duk yankin, fari fat ba ɗigo. Shekara da shekaru tana riƙon irin nan kamar ƙwayar idonta. A wannan damina kuwa ciwo ya shiga, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Zabuwa ta ƙarshe ta zuba ƙwanta, ita ma ta bi sauran. Ƙwan nan su ne kaɗai abin da ya saura na irin, tsohuwar kuwa ta riga ta sa wa kazarta, kaza ta zauna a kai daram.

Keziya ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsohuwa ta daɗe tana kallon kazar. Ta ce, "'Yata, akwati yana da fikafikai?"

"Ba shi da su, Gwaggo. Amma Maigida ya ce maciji ba zai kai gare su ba."

"Maciji kam ya shigo mini akurki bara." Tsohuwa ta ƙara da cewa, "Ban san wayar mijinki ba. Ke na sani. Ke kin yarda da abin nan?"

Keziya ta tuna da mijinta a inuwa yana zane, goshinsa yana zufa. Ta ce, "Na yarda, Gwaggo."

Tsohuwa ta ɗaga kazar da hannunta, kaza tana kuka tana tsattsagarta, ta kwashe ƙwan da ɗuminsu, ta naɗe a ɗankwalinta, ta miƙa. Keziya ta shafa wa kowanne gawayi don kada su ɓace a cikin na sauran.

Kwanaki suka yi ta tafiya, komai lafiya. Injiniya yakan ɗauko mitarsa ta awon wuta ya ɗora a bakin wayoyi biyu masu shiga wayar zafi, ya duba lamba, ya duba takarda, su yi daidai. Kai, mutumin nan ya ji daɗi. Maza suka riƙa zuwa kallo, yana buɗe musu ƙofar akwati, yana haska ƙwai da tocila su ga jijiyoyin jini. Keziya kuwa ita take juya ƙwan safe da yamma, ita take zuba ruwa a 'yar tasa don kada iska ta bushe. Saboda haka ita ce ta fara ji.

Wata safiya ta ce, "Maigida, bayan akwatin nan yana zafi. Ba irin ɗumin ciki ba, har hannuna na janye."

Ya ce, "Akwatin kwanci ne, Keziya. So kike ya yi sanyi kamar randa?" Ya ɗauko mita, ya auna a bakin waya, ya juya mata fuskar mitar. "Kin gani? Daidai."

Ta ga lamba, ba ta san abin da take nufi ba.

Bayan 'yan kwanaki ta sāke cewa, "Maigida, ina jin ƙauri, kamar an bar roba kusa da murhu. Tsohon batirin nan kuma gefensa ya kumbura. Ka buɗe bayan ka duba mana, don Allah."

Ran Injiniya ya ɓaci. Buɗe bayan akwati aiki ne, sai ya cire ƙusoshi, ga kuma baƙi daga wani ƙauye za su zo kallo da rana. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce hancin mace ya ja da lissafinsa. Ya sāke aunawa a wuri ɗaya ɗin nan, lamba ta sāke yin daidai. Ya ce, "Ke dai hancinki ya yi yawa. Na auna a gabanki. Me kuma kike so?"

Ta ce, "To, ko na Gwaggo Rahila kaɗai ka bari in cire. Baƙar kazata tana kwanci, in sa mata. In akwati ya yi kyau ba a yi asarar komai ba."

"Ki cire? Gobe gari ya ɗauka matar Injiniya ma ba ta yarda da akwatinsa ba! Me za a ce? Kada ki taɓa ko ɗaya."

Ba ta taɓa ba. Ta ce masa i ranar aure, ta kuma ce wa tsohuwa i a bakin akurki, yanzu i ɗin nan biyu suna jan ta, kowacce gefenta. Shi kuwa gogan bai ga wannan ba, ya ga dai an daina damunsa, ya ce mace ta fahimta.

Ran nan wata Asabar da yamma aka fara jin 'yan tsaki suna kuka a cikin ɓawo, cii, cii. Waɗansu ƙwan har sun tsage. Injiniya ya kasa zama. Ya ruga wurin fasto ya roƙi a ba shi lokaci a sujadar gobe, ya ba da shaidar abin da Ubangiji ya yi ta hannunsa.

Da gari ya waye, marka ta ɗauke, rana ta fito da ƙarfinta tun da hantsi. Keziya ta ce, "Maigida, ka tafi, ni zan zauna da su yau. Ƙaurin nan ya ƙaru."

Ya ce, "In tsaya gaban ikkilisiya ina shaida, kujerar matata a wofi? Ɗauko zanen nan irin rigata ki ɗaura, mu tafi."

Ta ɗaura. Suka kulle ɗaki, suka tafi majami'a gefe da gefe, duk wanda ya gan su sai ya ce kai, gidan nan Allah ya yi masa albarka.

Aka yi waƙa, aka tara baiko, wato sadakar majami'a, aka kira Injiniya. Ya miƙe ya fara, tun daga makaranta, zuwa katako, zuwa yadda ya mai da batir biyu ɗaya a takarda. Jama'a suna amin, mata suna guɗa. A gida kuwa rana tana dukan farantin sola, sabon batir ya cika ya batse, yana tura wa tsohon da duk ƙarfinsa. 'Yan rizistan nan suka yi ja, soso ya narke, ya kama. Yana tsakiyar cewa "duk wanda yake da ƙwai ya kawo" sai wata mata da ta fita rarrashin jariri ta ƙwalla ihu daga waje, "Gobara! Gobara a gidan Injiniya!"

Aka watse a guje. Maza suka ɓalle ƙofa, aka yi ta watsa ƙasa da ruwa. Ɗakin na ƙasa ne, rufinsa kwano, wuta ba ta wuce ba. Akwatin kaɗai ta ci, da abin da yake ciki. Aka jawo shi tsakar gida yana hayaƙi, ƙwai a jere yadda Keziya ta bar su, sun yi baƙi, waɗansu da ɗan baki a leƙe ta tsagar ɓawo. Wayyo, warin nan ba a kwatanta shi.

Gwaggo Rahila ce ta iso daga baya, tana dogara sanda. Mutane suka dāre mata. Alamar gawayi ta ɓace, gama duk sun zama gawayi. Ta sunkuya tana ɗauka tana ɓarewa, tana ajiyewa, har ta kai kan wanda take nema. Ɗan tsako ne cikakke, gashinsa fari, a jiƙe. Ta shimfiɗa shi a tafin hannunta, ta ce, "Da ƙafarsa, da bakinsa. Yau zai fito." Ba ta ko dubi Injiniya ba. Ta juya wurin Keziya, ta ce, "'Yata, ke na ba."

Keziya ta durƙusa a cikin toka da sabon zanenta.

Da mutane suka watse, Injiniya ya ɗauko takardarsa. Ya bi lissafin daga farko yana neman kuskure. Babu. Juyi daidai, tarawa daidai, lambar ƙarshe daidai. Sai a sa'an nan ya juya bayan takardar, ya sāke zana zanen farko, batir biyu da rizista biyu, ya tambayi kowane rizista nauyin da yake ɗauka. Lambar da ta fito ta ninka wadda ya zata sau da yawa. Aikin da bai kai tsawon shan kunu ba, ga shi ya yi shi bayan hari. Ya gane sarai cewa hannun da aka janye da hancin da ya raina gaskiya suka faɗa masa. Baƙin ciki da kunya suka rufe shi.

Kuna tsammani ya fita ya faɗa? Ina! Washegari maza suka zo jaje, suka ce, "Sannu, Injiniya. Ai tsohon batirin nan ne ya cuce ka. Makanikai ba su da tsoron Allah." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka Allah ya so." Suka ce masa kada ya karaya, mai ilimi ba ya rasa tuntuɓe. Kafin mako ya zagayo an kawo masa rediyo gyara, sunansa na nan yadda yake.

Mata kuwa ba su je wurinsa ba, gama ba shi suka ba ƙwai ba. Keziya suka sani. Ba wadda ta zage ta, da ma sun zaga da ya fi sauƙi. Sai dai in ta iso bakin rijiya hira ta yanke, saƙon zumunta kuma aka fara ba wata. Ta kama kajinta ɗaya bayan ɗaya, tana kai wa duk gidan da ta karɓi ƙwai, har akurkinta ya zama kango. Baƙar kazar nan mai kwanci ta bari a ƙarshe, ta rungume ta ta kai wa Gwaggo Rahila. Tsohuwa ta ce, "Mai da abarki, 'yata. Ban riƙe ki ba. Amma kaza ba ta haifar farar zabuwa." Keziya ta dawo da kazar a hammata.

Injiniya yana zaune a ƙofar ɗaki ya ga shigowarta. Maganar tana bakinsa. Ya so ya ce, kin faɗa mini, ni ne ban ji ba, gobe zan tsaya inda na tsaya na yi shaida in faɗa wa kowa. Ya tashi ya bi ta har bakin madafa. Tana durƙushe tana hura wuta, hayaƙi yana shiga idonta. Ya buɗe baki, ya ce, "Akwai ruwan wanka?"

Ta ce, "Akwai, Maigida."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, mai kunne ya karkato.

Gajeren zane ba zunubi ba ne. Ba wanda zai iya rayuwa yana bin kowace waya kullum. Dole mu taƙaita, mu ce gidan wane, iyalin wane, ikkilisiyar gari kaza, mu mai da mutane da yawa suna ɗaya. Zunubin shi ne mu manta cewa a takarda kaɗai suka zama ɗaya. A cikin akwati har yanzu su biyu ne, sau da yawa kuma ɗaya ne yake tsiyaya cikin ɗaya. Akwai gidan da mace take juye kanta cikin miji wanda ba ya cika. Akwai inda uwa tsohuwa take juyewa cikin ƙaton ɗa mai gemu. Akwai kuma inda miji ne yake ƙonewa a ɓoye, kada mata su yi mini guɗa tukuna. A ikkilisiyar nan ma akwai wadda take share majami'a, ta dafa wa baƙi, ta yi jinyar marasa lafiya, mu kuwa mu ce, ai ita ba ta gajiya. Wa ya gaya muku? Kun taɓa sa hannu a bayan akwatin?

Mitar da mutumin nan yake ɗorawa a bakin waya ita ce gaisuwarmu. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Tuwo yana fitowa a kan lokaci, yara suna zuwa makarantar Lahadi da tsabta, an zo sujada da zane iri ɗaya, sai mu duba lamba mu ce daidai. Mitar ba ta yi ƙarya ba, a wurin da ba ya ciwo aka ɗora ta. Ubangiji kuwa ba mai tsaye a ƙofa ba ne. Shi da zanen farko yake aiki, inda kowane rai yake da sunansa da nauyinsa, ba ya share kowa don lissafi ya yi sauƙi.

Ƙwan nan amana ce. Ku lura, ba mai gajeren zane ya yi asara ba. Tsohuwar da ba ta san waya ba ita ta rasa irinta har abada, macen da ta yi gargaɗi ita ta rasa sunanta. Haka abin yake kullum, abin da yake ba ni haushi ke nan. Wanda ya ƙi dubawa shi ake yi wa jaje, wanda ya ɗauki zafi shi yake biya.

Amma gobara ba ita ce babban laifinsa ba. Kowa yana kuskure, har masu takarda. Babban laifinsa ya yi shi ne a bakin madafa, bayan ya sani. Da can makaho ne, ana iya yi masa uzuri. Yanzu yana gani, ya zaɓi sunansa. Akwai maza da mata a kujerun nan waɗanda suka riga suka juya bayan takarda, suka ga lambar, suka ninke ta suka sa a aljihu. Ban kira sunan kowa ba, kun san kanku.

Saboda haka, yau in an tashi, kada ku tsaya dogon gaishe-gaishe a bakin majami'a. Ku tafi gida. Kafin ku sa hannu a kwano, ku kira wanda yake ɗauke da gidanku, ku zaunar da shi, ku tambaye shi inda yake masa zafi, sa'an nan ku rufe baki ku ji, ko da amsar za ta ƙona ku. Waɗansunku za su sami hawaye da faɗa da tsofaffin maganganu. Ku gode wa Allah, gama wanda yake yi muku faɗa bai fid da rai a kanku ba tukuna. Waɗansunku kuwa kun makara. Za ku tambaya da zuciya ɗaya, a dube ku da ladabi, a ce muku lafiya lau, a tura muku kwanon tuwo.

Ubangiji ya yi mana jinƙai. Amin.